Muhawara: Zagayen jihohin yammacin Amurka a motar-gida tare da kyanwoyi biyu

Baban Yara (Orora, Kolorado):
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin hanya. Shekara 9 ke nan ina zaune a Kolorado, amma ban taɓa gota garin Grand Junction ta yamma ba, kuma bana na yi wa yara alkawari cewa idan aka ba su dogon hutu za mu ɗauki hayar motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, wadda mutanen ƙasar ke kira RV, ni kuwa nake ce mata motar-gida, mu yi mako biyu muna zagaya yamma a watan Yuli. Abin da na zana shi ne mu tashi daga Denba mu sauka Moab a jihar Yuta, daga nan mu wuce Zion da Grand Canyon, mu ratsa Death Valley mu hau Yosemite a Kalifoniya, mu bi gaɓar teku zuwa Oregon, sannan mu karkato ta Yellowstone mu dawo gida. Lissafin da na yi ya haura mil 3,500. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kyanwoyinmu biyu, wata tsohuwa mai shekara 11 da wani muzuru ɗan shekara 2. 'Yata ta tsakiya ta ce idan ba da su ba, ita ma a bar ta a gida, uwargida kuma ta ce ba ta ga dalilin da zai sa a ɗora wa kai wahalar dabba a kan wahalar hanya ba. Wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya da dabba ya taimaka mini da abin da ya gani.

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a zo maganar kyanwa, bari in taɓa maganar hanya, domin ita ce sana'ata, kuma shekara 14 ke nan ina hawa da sauka a kan manyan hanyoyin I-70 da I-80. Idan ka raba mil 3,500 gida 14, kowace rana mil 250 ke nan ba hutu, kuma motar-gida ba ta gudu irin na ƙaramar motarka, musamman a hawa, saboda haka kullum za ka share awa biyar ko shida a bayan sitiyari kafin ka nemi zango, ka daidaita motar, ka jona wuta da ruwa. Yara za su ga jihohi takwas ta gilashi, amma ba za su taka ko ɗaya yadda ya kamata ba. Mai ma abin lissafi ne, domin irin motar da ake bayarwa haya, mai tsawon ƙafa 25 zuwa 30, galan ɗaya ba ya kai ta fiye da mil 8 zuwa 10.

Ranar farko kuwa ita ce jarrabawarka. Hanyar da ta huda dutse mai suna Eisenhower tana kan ƙafa 11,158 daga doron teku, injin zai yi sanyin jiki wajen hawa saboda ƙarancin iska, kuma da zarar ka fito ta yamma sai doguwar gangara mai kaifi har Silverthorne, gaba kaɗan kuma ga gangarar Vail. Duk wanda ya ɗora ƙafa a kan birki ya bar ta a irin wannan gangara, birkin zai yi zafi ya daina kamawa, shi ya sa kake ganin an ware hanyoyin tsakuwa a gefe domin motocin da birkinsu ya ƙwace. Ka sauko da ƙaramar giya tun daga sama, ka riƙa taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci kana saki. A nan ne maganar kyanwa ta shigo: kada a bar dabba sake a cikin mota tana tafiya, domin wurin da kyanwa mai tsoro take nema shi ne lungu mai duhu, kuma babu lungun da ya fi ƙarƙashin ƙafar direba duhu. Sannan ka cika tanki a Green River, don daga can zuwa Salina sama da mil 100 ne babu gidan mai ko ɗaya.

Kawu (Hiyustan):
Ni dai ina bayan uwargida, kuma ba zan ɓoye ba. Kyanwa da gida take sabawa, ba da mota ba. A garinmu idan za a yi tafiya, maƙwabci ake bar wa ita ya riƙa zuba mata ɗan abinci, a dawo a tarar da ita a kan katanga kamar ba a je ko'ina ba. Wannan al'ada ta ɗaukar dabba a kai ta yawon buɗe ido ta mutanen nan ce, su ma galibi da kare suke yi, domin kare yana murna da sabon wuri, kyanwa kuwa baƙin cikinsa take yi. Ka nemi wanda zai riƙa leƙa su sau ɗaya a rana, ka lallashi yarinya, a bar kaza cikin gashinta.

Hajiya Mai Kyanwa (Finiks, Arizona):
Kawu, a yi mini afuwa, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma ya danganta da halin dabbar. Ni da maigida mun yi irin wannan tafiya sau huɗu da kyanwarmu, kuma tun daga kwana na uku take ɗaukar motar a matsayin gidanta, domin kaskon yashinta da bargonta da mutanenta duk suna ciki, abin da ke waje ne kawai yake sauyawa. Amma Baban Yara, abin da nake so ka fahimta tun yanzu shi ne, ranar da ka sa dabba a mota, ita ce ta zama madugu, ita za ta zaɓa muku hanya da wata da wurin kwana, kuma taswirar da ka zana ba ta yi la'akari da ita ba ko kaɗan.

Dalili na farko shi ne dokokin gandun daji na ƙasa. Mutane suna zaton tunda daji ne, dabba za ta sake, alhali kuwa akasin haka ne. A Yellowstone ba a yarda dabbar gida ta yi nisan da ya wuce ƙafa 100 daga titi ko wurin ajiye mota ko zango ba, dole tana cikin keji ko a igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba, kuma an hana ta hawa gadojin katako da ke zagaye maɓuɓɓugan ruwan zafi, an hana ta dukkan hanyoyin ƙafa. A Zion hanyar ƙafa ɗaya tak aka yarda a bi da dabba, wato Pa'rus, kuma motocin bas da ke shiga da mutane cikin kwarin ba sa ɗaukar ta. A Arches da ke Moab babu hanyar ƙafa ko ɗaya da aka yarda. Grand Canyon ce ta ɗan sassauta, domin a gefen kudu ana iya yawo da dabba a igiya a bakin kwazazzabon muddin ba a gangara ƙasa ba, kuma akwai gidan ajiyar dabbobi da ke karɓar kare da kyanwa idan an nuna takardar rigakafi. Ma'anar duk wannan ita ce, duk lokacin da kuka fita kallo, kyanwoyin suna cikin mota su kaɗai.

Wannan ya kawo ni dalili na biyu, wanda ya kusa sa ni kukan da ba zan manta ba. Shekarun baya mun sauka a wani zango kusa da Moab a ƙarshen Yuni, muka jona wuta, muka kunna na'urar sanyaya ɗaki, muka bar kyanwar tana barci muka tafi kallon duwatsu. Ashe bayan fitarmu wuta ta ɗauke a layinmu saboda kowace mota ta kunna tata na'urar. Mu da muka taso cikin ɗauke wuta ya kamata a ce mun fi kowa tsammanin haka, amma zaman ƙasar nan ya sa mun sakankance. Da muka dawo bayan awa uku, ma'aunin zafi na cikin motar yana nuna digiri 41, ita kuwa tana kwance a kan tayil ɗin banɗaki, baki buɗe, tana haki kamar kare. Allah ya yi da sauran kwananta. Moab a watan Yuli zafin rana yakan kai digiri 38 a inuwa, Death Valley kuwa ba a ma maganarta, domin a can ne aka auna digiri 56.7 a watan Yulin 1913. Ni da nake zaune a Finiks ina gaya maka, a watan Yuli arewa ake gudu ko a hau dutse, ba a gangarowa hamada.

Baban Yara:
Hajiya, na gode ƙwarai, jikina ya yi sanyi da wannan labari. Amma motar da zan ɗauka tana da janareta nata, shin ba zai wadatar ba idan wutar zango ta ɗauke?

Direban Tirela:
Janareta ba ya tashi da kansa sai an tayar da shi, in ban da a motoci masu tsada da aka sa wa na'ura ta musamman. Kuma daga tankin motar yake shan mai, an kuma tsara yawancinsu su mutu idan mai ya sauko kusan rubu'in tanki, domin kada su shanye su bar ka a daji. Ban da haka, zangunan gwamnati suna da ƙayyadaddun awoyin da aka yarda a kunna shi saboda ƙara. Yana da amfani, amma ba mai gadi ba ne. Af, na manta ban gaya maka ba, hanyar da ta huda dutse a gabashin Zion tun 1930 aka gama ta, lokacin da motoci ƙanana ne, kuma duk motar da faɗinta ya kai ƙafa 7 da inci 10 ko tsayinta ya kai ƙafa 11 da inci 4 ba ta iya wucewa a hannunta ita kaɗai. Motar hayarka ta zarce wannan ma'auni, don haka ka cire wannan ƙofa daga lissafinka.

Ma'aikaciyar Asibitin Dabbobi (Sakramento):
Ina yi wa iyayena da yayyena sallama. Aikina ke nan kullum, kuma lokacin zafi ba ma rasa matafiya da ke shigo mana da dabba a hannu. Zan fara da tsohuwar, domin ita ta fi damuna. Kyanwa mai shekara 11 ta shiga shekarun da ciwon ƙoda ke yawaita, kuma irin wannan ciwo yana daɗewa bai nuna alama ba, sai ranar da ta yi kwana biyu ba ta sha ruwa sosai ba saboda tsoro da zafi, sannan ya fito fili. Yaya, kafin ka yanke shawara ka kai ta a gwada jininta da fitsarinta. Idan sakamakon bai yi kyau ba, to maganar Kawu ce daidai a kanta, ko da yarinya za ta yi fushi na kwana biyu.

Game da zafi, binciken da likitocin dabbobi ke kafa hujja da shi ya nuna cewa idan waje yana digiri 21 kacal, cikin rufaffiyar mota yakan kai digiri 40 a cikin rabin awa, kuma ɗan sassauta gilashi ba ya sauya komai. Motar-gida ta fi ƙaramar mota jinkirin ɗaukar zafi, amma ƙarshenta ɗaya ne. Zafin jikin kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma ita ba ta haki da baki buɗe kamar kare sai abu ya ɓaci, saboda haka duk wanda ya ga hakan ya jiƙa mata jiki da ruwa mai ɗan sanyi, ba ƙanƙara ba, ya sa ta gaban fanka, ya nufi asibiti. Akwai ƙaramar na'ura da ake sayarwa wadda ke aiko saƙo a waya idan zafin motar ya haura abin da aka saita, tana da kyau, sai dai da sabis take aiki, kuma yawancin wuraren da kuke son gani babu sabis.

Sai abubuwan da mu Hausawa muka fi faɗawa ciki. Kada a ba kyanwa farasitamol ko kaɗan, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da kyanwa, ke nan ragowar miya da kilishi da tsiren da aka yi guzuri ba nasu ba ne, komai kukan da za su yi. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin guba ne ga kyanwa, a karanta kwalin kafin a ɗiga. Maganin ƙuma kuwa wajibi ne a wannan tafiya, ba don ƙaiƙayi kawai ba, sai don tsohuwar annobar nan da ƙuma ke ɗaukowa daga ɓeraye har yanzu tana nan a dazuzzukan arewacin Niyu Meziko da arewacin Arizona da kudancin Kolorado. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ce a shekara kimanin mutum 7 ne ke kamuwa a Amurka, kuma kyanwa tana cikin dabbobin da suka fi saurin ɗauka, tana kuma iya shafa wa mai ita. Muzurun nan naka, idan ya samu kafa ya kamo kuregen daji ko ɓera, abin da nake tsoro ke nan. A ƙarshe, a sa musu ɗan guntun na'urar shaida da ake cusawa ƙarƙashin fata, a tabbatar lambar wayar da ke rajista ita ce wadda kake riƙe da ita a hanya, a ɗauki takardar rigakafin ciwon haukan kare a takarda ba a waya kaɗai ba, a kuma tambayi likita maganin kwantar da hankali irin gabafentin, a gwada shi a gida kafin ranar tafiya.

Kawu:
To kun ji. Gwajin jini, na'ura a ƙarƙashin fata, na'urar aiko saƙo, maganin kwantar da hankali, duk don a kai kyanwa inda ba za a bar ta ta sauka ba. Ni ban ga abin da ita dabbar ta ƙaru da shi ba. Idan don yarinya ne, a faɗa cewa don yarinya ne, kada a ce don kyanwa.

Hajiya Mai Kyanwa:
Wannan kam ka faɗi gaskiya, Kawu, kuma ban musa ba. Kyanwata ba ta san bambancin Grand Canyon da tsakar gidanmu ba. Abin da ta ƙaru da shi kawai shi ne ba a rabu da ita ba, domin lokacin da muka taɓa barin ta mako uku a gidan ajiya, mun tarar ta rame ta daina cin abinci. Wata dabbar rabuwa da wuri ce ke damun ta, wata kuma rabuwa da mutane, kuma mai ita ne kaɗai ya san wace iri yake da ita. Shi ya sa nake ba Baban Yara shawarar ya ɗauki hayar motar na kwana biyu tun a watan Mayu, ya je wani zango kusa da gida, ya ga halin kowace. Wadda ta ci abinci ta yi amfani da kaskonta a daren farko, za ta iya tafiya. Wadda ta shige lungu ta ƙi fitowa har gari ya waye, ta riga ta ba da amsa.

Tunda na ambaci lungu, in motar tana da ɓangaren bango da ke turowa waje idan an sauka domin ɗaki ya ƙara faɗi, kada a taɓa maɓallinsa sai an ƙirga kyanwoyin an ga kowace da ido, domin suna shiga bayansa su kwanta. Ƙofa kuma ita ce babbar barazana idan akwai yara. Dokarmu ita ce, ba a buɗe ƙofar waje sai kyanwa tana cikin keji ko an rufe ta a ɗakin baya. Kyanwar da ta tsere a unguwa takan dawo, amma wadda ta tsere a zangon da ba ta sani ba, ga karnukan dajin nan masu kama da dila, ga manyan mujiyoyi da dare, ga ku kuma dole ku tashi da safe, da wuya a sake ganin ta.

Malam (Girinsboro):
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda an zo batun hakkin dabba, akwai abin da ya dace a tuna. Hadisi ya inganta game da matar da aka yi wa azaba saboda mussa da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Wanda ya rufe dabba a mota ya tafi, ya ɗauke mata duk wata dabara ta ceton kanta, don haka nauyin ya koma wuyansa gaba ɗaya. Haka kuma wanda ya bar ta a gida ba tare da amintaccen mai kula ba. Ke nan addini bai zaɓa maka tsakanin shawarar Kawu da ta Hajiya ba, ya dai ce duk wadda ka ɗauka ka cika ta. Game da tsarki kuwa, tunda wurin ƙunci ne kuma a nan za ku yi alwala da salla, mussa ba najasa ba ce, ragowar ruwan da ta sha ma ana alwala da shi, sai dai a nisanta kaskon yashinta daga inda ake shimfiɗa darduma.

Baban Yara:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo wani abu da uwargida ta tambaya. Ta ji cewa kusan kowace mota a waɗannan zanguna da karenta, kuma tana fargabar karnukan maƙwabta su riƙa shinshina yara suna lasar tufafinsu, ga shi ruwan tankin mota ba shi da yawa balle a yi ta wanki.

Malam:
A mazhabar Malikiyya da muka taso a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai an ɗauke shi a matsayin bin umarni ne, ba don ƙazanta ba. Shafi'iyya sun saɓa, suna ganin najasa ce mai nauyi. Don haka idan kare ya taɓa rigar yaro, a wurinmu sallarsa ba ta ɓaci ba, wanda kuma ya wanke don natsuwar zuciya bai yi laifi ba. Ajiye kare a cikin ɗaki ba tare da buƙatar gadi ko kiwo ko farauta ba wata mas'ala ce daban, ba ita aka tambaya ba.

Ɗan Zango (Fotland, Oregon):
Gaisuwa ga manya. Ni ina cikin masu karen da ake magana, domin aikina yana kai ni daji ni kaɗai, kuma da shi nake tafiya don gadi. Ina tabbatar wa uwargida cewa doka a kusan kowane zango ita ce kare ya kasance a igiya, kuma idan ka gaya wa mai shi cewa yaranka ba su saba ba, zai janye shi ba tare da jin haushi ba. Abin da nake so in ƙara shi ne, kowa yana ta maganar gandun daji na ƙasa kamar su kaɗai ne a yamma, alhali mafi yawan filin yana hannun wasu hukumomi biyu ne da suka fi sauƙin kai. Hukumar kula da filayen gwamnati, wato BLM, tana riƙe da kimanin eka miliyan 245, hukumar dazuzzuka kuma eka miliyan 193, kuma a yawancin wurarensu ana iya sauka kyauta har kwana 14, ana kuma yawo da dabba a hanyoyin ƙafa. Sai dai babu wuta babu ruwa, don haka wannan na wurare masu tudu ne da sanyi, ba na hamada ba. Lokacin damina a Arizona da Yuta, wato daga Yuli zuwa Satumba, kada a sauka a busasshen rafi komai kyan yashinsa, domin ruwan da aka yi a wani dutse mai nisa yana iya isowa alhali sama tana garau a kanka.

Mai kare kuma ya san ƙasa tana da nata makaman. Tsidau ɗin nan da muke takawa a gida, shi ne dai a nan, iri ɗaya ba bambanci, yana cike da gefen hanyoyin Yuta da Aidaho, yana shiga tafin dabba. Akwai kuma wata busasshiyar ciyawa mai kan kibiya da ta fi ƙarangiya mugunta, domin ita ba maƙalewa kawai take yi ba, nutsewa take yi cikin kunne ko hanci ko tsakanin yatsu har sai likita ya ciro. A nan gefenmu kuma kare da ya ci ɗanyen kifin salmon a bakin kogi yana iya kamuwa da ciwon da ke kisa idan ba a yi magani ba, kuma a 2020 wani kare ya mutu a Zion bayan ya yi wasa a kogin Virgin saboda gubar gansakukar ruwa. Gaɓar tekun Oregon kuwa tun dokar 1967 ta jama'a ce, ga sanyi ko a watan Yuli, ita ce aljannar mai tafiya da dabba, amma daga Denba nisanta ya isa tafiya guda ita kaɗai. Ka ajiye ta sai baɗi, ka zo in yi maka jagora.

Baban Yara:
Jama'a, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare mun zauna da uwargida da yara mun sake zana taswirar. Mun cire Moab da Zion da Grand Canyon, sai wani hutun a watan Oktoba idan Allah ya kai mu, Death Valley da Yosemite da Oregon kuma mun ɗage su gaba ɗaya. Yanzu za mu bi I-25 mu yi arewa zuwa Wayomin, mu kwana uku a dajin Bighorn, mu sauka Cody, mu shiga Yellowstone ta ƙofar gabas, mu fito ta kudu zuwa Grand Teton, mu dawo ta Rawlins. Duka bai wuce mil 1,500 ba. Ina neman wuri a Fishing Bridge, tunda na ga shi kaɗai ne zango a cikin gandun Yellowstone da ke da wuta da ruwa da bututun zubar da ƙazanta, kuma yana bakin tafkin da ke sama da ƙafa 7,700, inda rana ba ta da zafi, dare kuwa sai da bargo. Na ga ma ba sa karɓar tanti ko mota mai bangon tamfol saboda dabbar dajin nan mai haɗari da ake kira beyar, abin da ya sa uwargida ta ce ita ma ba za ta buɗe ƙofa da dare ba balle kyanwa. Mun kuma amince cewa idan za a je kallon ruwan zafi, za mu rabu gida biyu, wasu su je da safe wasu da yamma, domin kada a bar motar ba kowa. Tsohuwar tana da ganin likita ranar Talata, kuma 'yata ta yarda cewa idan gwajin bai yi kyau ba za ta zauna wurin ƙanwar uwargida a nan Orora. Kawu, ka ga ka ci rabin shari'ar.

Kawu:
Rabin ma ya ishe ni. Amma ka hanzarta neman wurin nan, domin na ji mutane suna kama shi watanni da yawa kafin lokaci, kada ka gama shirin kyanwa ka rasa inda za ka ajiye motar.

Direban Tirela:
Wannan taswira ta fi kama da ta mai iyali. Daga garin Buffalo ka haye Bighorn ta US-16, wadda ta bi ta Ten Sleep, domin duk da ta kai ƙafa 9,666 a ƙololuwa, hawanta da saukarta sun fi laushi. Kada na'urar nuna hanya ta yaudare ka ta kai ka hanyar 14A, gangararta ta kai kashi 10 cikin 100, ba ta sabon hannu ba ce. Haka idan kana garin Jackson da ke kudu da Grand Teton, kada ka yi sha'awar hayewa Aidaho ta Teton Pass. A dawowa kuma, tsakanin Rawlins da Laramie iska ce sarauniya, har akan rufe hanyar ga dogayen motoci marasa nauyi irin taka, saboda haka ka duba sanarwar hukumar hanyoyin Wayomin da asuba, ka wuce wurin kafin azahar lokacin da iskar ba ta gama tashi ba. Kejin muzurun kuma ka ɗaure shi da bel a kujerar teburin cin abinci, kada ka ɗora shi a gadon da ke saman kan direba, can ne ya fi ko'ina girgiza da zafi.

Hajiya Mai Kyanwa:
Ka kuma ɗauki ruwan gida jarka biyu domin shansa na kwanakin farko, kyanwa tana ƙin ruwan da ɗanɗanonsa ya sauya, kuma kada ka sauya masa irin yashin da ya saba da shi. Idan kun dawo daga gwajin watan Mayu, ka sanar da mu ko ya ci abinci a daren farko.